Mai Niƙa Ya Sa Hannu A Aljihu

Na san Mai Niƙa a shekarar da na ajiye alli, na dawo gidan da na gina a ƙarshen layi da nufin in huta, in karanta littattafan da na daɗe ina tarawa. Ban kai ga buɗe na farko ba, sai ga wani saurayi ya kama shagon da ke jikin katangata ya girke injin niƙa a ciki. Ranar da ya fara tayar da shi, kofin shayina ya yi ta rawa a kan tebur har ya kusa faɗuwa. Na sa takalmi na fita don in yi masa faɗa irin na tsohon hedimasta. Na tsaya a bakin ƙofa na yi jawabi mai kyau, mai farko da tsakiya da ƙarshe, yadda Fada, limamin cocin, ya koya mana a makarantar mishan. Yana kallon bakina yana gyaɗa kai. Da na gama ya kashe injin, ya ce, "Baba, masara ce ko barkono?"

Da haka muka zama maƙwabta. Shi yana ce mini Baba Ticha, ni kuma ina kiransa da sana'arsa kamar yadda kowa ke yi.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, kullum gira da gashin baki fari fat da gari. Injin ya cinye masa rabin kunne tun yana yaron wani, saboda haka ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka kira yake daga wancan ƙetaren titi. Amma a cikin shagon ba a amfani da baki. Mace ta ajiye bokitinta, ya murza babban yatsa da manuni yana tambaya, ta gyaɗa kai, ya san laushi take so. Ya karkata tafin hannu, ta san a ƙara ruwa. Ya ɗaga yatsu, ta san abin da za ta biya. Da hannu yake ciniki, da hannu yake zolaya, da hannu yake korar awaki.

Ya yi aure, ya ɗauko tsohuwarsa ya ba ta ɗakin baya, aka haifa masa 'ya mace. Uwar takan shimfiɗa jaririyar a kan buhu kusa da injin in za ta kasuwa, ita kuwa ta yi ta barcinta. Shi har alfahari yake yi. "Kun gani ko? Jinina ce, ba ta tsoron inji." Tsohuwar ce ta fara shan jinin jikinta. Wata rana ta saki babban kwanon ƙarfe a bayan yarinyar, ya yi ƙarar da ta firgita kajin gidana, yarinyar ba ta ko waiwaya ba.

'Yar Gari muke ce mata, ba don ta san lungunan unguwa ba, sai don garin da kullum ke kanta.

Ban ga Mai Niƙa ya yi dogon kuka a kan lamarin ba. Ya ɗauki maganar hannun nan ta shagonsa ya faɗaɗa ta kawai. Kafin ta cika shekara uku sun riga sun yi wa kowa da komai suna. Ta koyi yi masa tsegumin masu kawo niƙa, ta koyi ƙarya ma, wadda a ganina ita ce shaidar cewa yaro ya mallaki harshe. Ni sunana a wurinsu shi ne a tura tabarau sama da yatsa ɗaya. Na taɓa wucewa na ga ta yi wannan alamar, ta ƙara da wata, suka fashe da dariya.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Gaishe ka take yi."

"Ƙarya kake."

"To cewa ta yi wandonka ya yi faɗa da takalminka, shi ya sa ba sa haɗuwa."

Ba na so wanda ya karanta wannan ya ɗauka uwar yarinyar ce muguwa a labarin. Ita ce ke shiga cikin mata, ita ce ake nunawa da baki ana cewa ga uwar bebiya. Ita ce ta ga ranar da wani mai babur ya yi ta danna oda, yarinyar na tsakiyar hanya tana bin wata leda, ya kauce da ƙyar ya faɗa kwata. Tun daga ranar ba ta sake samun natsuwa ba. Da ta ji a asibiti cewa wata ƙungiya ta kawo likitocin da ke dasa wa yara kurame na'urar ji, ta yi ta sintiri har aka sa sunan 'yarta. Da 'yata ce, ni ma abin da zan yi ke nan.

Ni na raka su, domin babban likitan da Turanci yake bayani. Gaskiya ya faɗa mana, ban kuma rage komai ba wajen fassarawa. Ya ce za a yanka bayan kunne a sa wani ɓangare a ƙarƙashin fata, ɗayan kuma yana waje, mayen ƙarfe ne ke manna shi a kai. Ya ce ba sabon kunne ba ne, ƙara ce za ta riƙa shiga, sai ƙwaƙwalwa ta koyi mayar da ita magana, wannan kuma aikin shekaru ne. Amma kafin mu iso gida labari ya riga mu, an ce 'Yar Gari za ta warke.

Na tsani wannan kalmar har yau. Zazzaɓi ake warkewa.

Aikin ya yi kyau. Bayan ciwon ya rufe aka kira mu aka kunna na'urar. Yarinyar ta ƙame, ta zare ido, ta kurma ihu, ta fizge abin ta jefar, ta ruga ta cusa kai tsakanin ƙafafun ubanta tana yi masa magana da hannu da sauri. Ya ce cewa take wani abu ya shiga kanta yana cizo. Aka ce haka yara ke yi da farko, kuma haka ɗin ne, daga baya ta saba.

Daga nan aka miƙa mu ga mai koyar da magana, wata budurwa mai fara'a da yara ke kira Anti. Ta ba da dokoki. Kada a kai yarinyar shago, ƙurar gari tana toshe na'urar, ƙarar inji kuma tana rikita ta. Wannan Mai Niƙa ya karɓa ba musu. Sai ta zo ga ta biyu.

"Daga yau babu maganar hannu. Ko kaɗan."

Ya ɗauka kunnensa ne ya yaudare shi. Ya dube ni, na maimaita masa.

Ya ce, "To da me zan ce mata ta zo ta ci abinci?"

"Da baki, Baba."

"Ai ba ta san baki ba."

"Za ta sani in kun daina ba ta hanya mai sauƙi. Muddin hannu yana yi mata aiki, kunne ba zai tashi ba. Ku daure na ɗan lokaci."

"Ɗan lokacin nan, nawa ne?"

Ta yi murmushi, ta ce kowane yaro da irin tafiyarsa.

Mai Niƙa mutum ne da in ya ce to, ya gama. A rayuwata ban ga mutumin da ya cika alkawarin da ya cutar da shi kamar yadda wannan ya yi ba. In ya rufe shago zai shiga gida, sai ya tsaya a soro ya kaɗe jikinsa, ya cusa hannuwa biyu a aljihu, sannan ya shiga. In ya manta ya zaro su, sai ka ji muryar matarsa daga madafa: "Hannu!" Sai ya mayar. Ta katanga nake jin kalmar nan safe da yamma, har na fara jin ta a mafarki.

Yarinyar ba ta gane abin da ta yi masa ba. Ta zo da gudu ta ba shi labari da yatsunta, ya tsaya kamar turke yana cewa, "Faɗa da baki. Ba-ki." Muryarsa kuwa, muryar mutumin da ya yi shekaru yana gasa da inji, in ta bi ta cikin na'urar sai yarinyar ta runtse ido ta dafe kai. Ya yi ƙoƙarin sassautawa, amma shi kansa ba ya jin ƙarfin muryarsa. A hankali ta daina zuwa. In ya shigo sai ta koma bayan uwarta.

Ta fara kama kalmomi, ba zan ɓoye ba. Kofi. Ƙofa. Mota. Ruwa. Ranar da ta ce "Mama", uwar ta shigo gidana ba sallama, ɗankwali a hannu, tana kuka tana dariya. Na taya ta murna da zuciya ɗaya. Anti ta koya musu cewa duk kalmar da yarinyar ta maimaita daidai a tafa mata, sai gidan ya zama gidan tafi.

Mutanen layi kuma suka mayar da ita abin kallo. Babba da gemunsa sai ya laɓaɓa ta bayanta ya buga tafi, in ta zabura a yi shewa, "Wallahi tana ji!" Wata ta kawo baƙinta musamman don yarinyar ta ce musu "mota". Na taɓa korar wani da sanda saboda wannan. Babu wanda ya taɓa tambayar me take so ta faɗa. Tambayar ɗaya ce, kullum, a bakin shago: "Mai Niƙa, yaya 'yar taka, tana ji yanzu?" Shi kuma ya ƙara wa injin wuta ya yi kamar bai ga bakinsu ba.

Wata yamma ina ba shukokina ruwa na ji Mai Niƙa da matarsa sun kaure da gardama.

"Ke dai ki bar ni in ce mata abu ɗaya. Ɗaya tak."

"Yau ɗaya, gobe goma. Ka ji abin da Anti ta ce."

"Anti ta taɓa haihuwa ne? Yarinyar nan da ta fi kowa surutu a layin nan, yanzu kalma nawa gare ta? Aku ma ya fi ta."

"Akun nan dai ya kira ni Mama! Kai ka taɓa jira shekara huɗu a kira ka?"

"Ni ai tana kirana. Kullum tana kirana, ku ne ba ku gani."

"To sai ta ƙare a bakin inji kamar ka, ana yi mata nuni kamar akuya? Makaranta fa? Miji fa? In mun mutu, wa zai tsaya yana karanta mata yatsu?"

Ta fi shi gaskiya a kan gobe, ya fi ta gaskiya a kan yau, yarinyar kuma a yau take zaune.

Ana cikin haka tsohuwar ta kwanta ciwo. Ita ce kaɗai ba ta bin doka. A ɗakinta yarinyar ke kwana, kuma kowa ya san in sun rufe ƙofa hannuwa na aiki, sai dai babu mai iya yi wa tsohuwa tsawa. Aka kai ta asibiti, aka tura yarinyar gidan ƙanwar uwarta don kada ta ga tashin hankali. A can tsohuwar ta cika. Aka yi duk abin da ake yi, mutane suka zo suka watse, sannan aka dawo da yarinyar.

Ina tsakar gidan ranar. Ta wuce kowa ta nufi ɗakin baya. Ta tarar an share, an naɗe katifa an jingine. Ta fito ta tsaya gaban ubanta, ta kama kumatunta da yatsu biyu ta ja, domin haka tsohuwar ke yi mata, sunanta ke nan a wurinsu. Ta buɗe tafin hannu tana tambaya.

Hannuwansa na aljihu. Ina ganin yadda aljihun ke motsi.

Uwar ta durƙusa ta kama kafaɗunta, ta yi magana a hankali yadda aka koya mata. "Kaka ta rasu. Ra-su."

Yarinyar ta kalli bakinta, ta tattara hankali, ta ce, "Ra-su."

Ta faɗa daidai. Ta san ta faɗa daidai. Ta jira a tafa mata, da ta ga babu wanda ya motsa sai ta tafa wa kanta.

Mai Niƙa ya fita. Ya tayar da injin ba ko ƙwaya ɗaya a ciki, ya bar shi yana cin kansa har duhu ya fara.

Uwar ta je ta tambayi Anti yadda ake koya wa yaro wannan kalmar. Anti ta ce yarinyar ba ta kai nan ba tukuna, a yi amfani da abin da ta sani, a ce Kaka ta tafi. Aka nuna mata hoton mota. Sai ta haɗa jimlarta ta farko mai kalma uku, wadda aka yi murna da ita a asibiti: "Kaka tafi mota."

Layinmu ba ya ɓullewa, duk motar da ta shigo a ƙofar gidajenmu take juyawa. Yanzu kuma yarinyar tana jin mota tun daga nesa, ta fi ubanta ji, ta fi ni. Ko abinci take ci, ta ji ƙarar, sai ta ture kwano ta ruga ƙofa. Ta tsaya har motar ta juya, ta leƙa kujerar baya, ta dawo. Wata da watanni tana haka. Shagon uban na kallon ƙofar, babu zuwa ɗaya da ya wuce shi.

Ya rame. Ya fara faɗa da masu kawo niƙa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya taɓa shigowa wurina ya zauna a bakin baranda, ya ce, "Baba Ticha, kai da ka yi karatu, akwai littafin da ya ce a yi wa yaro haka?" Na ce ban karanta irinsa ba. Ya ce, "To su a ina suka karanta?"

Sai aka aiko cewa wata baƙuwa ta zo daga wata jami'a tana son jin ra'ayin iyaye a kan sakamakon dashen. Aka tara mu a wani ɗaki mai dogayen bencina a asibitin, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Baƙuwar dattijuwa ce, ba ta jin harshenmu, aka roƙe ni in yi tafinta.

Iyaye suka yi ta magana. Wata ta ce ɗanta yanzu har waya yake ɗauka, ta sa shi ya gaishe mu, ya kuwa gaishe mu tsaf, na ji daɗi ƙwarai. Wani direba ya ce igiyar na'urar ɗansa ta tsinke tun damina, ana jiran a kawo wata, yaron ya koma shiru, ga shi an hana shi hannu tun farko, yanzu ba baki ba hannu. Matar Mai Niƙa ta faɗi nata, ta faɗi batun mai babur, ta ce yanzu in an yi oda yarinyar na kaucewa, kuma tana kiranta. Ta ce ta gode. Kuma godiyar har cikin ranta take.

Baƙuwar ta juya ga uban ta yi tambayar da take yi wa kowa. Na fassara: "Tana tambaya ko 'yarka tana ji yanzu."

Ya miƙe tsaye. Babu wanda ya miƙe kafin shi.

"Tambaye ta wane jin."

A nan na tsaya. A makarantar mishan an yi mana bulala a kan mu riƙa zaɓen kalma daidai, kuma sai a ranar na lura cewa abin da mu muke kira ji, Turanci ya yanka shi gida-gida. Na kunne da kalmarsa, na fahimta da tasa, na zuciya da na jiki da tasu, na biyayya ma daban. Baƙuwar ta kunne ta tambaya. Shi kuma duk tsawon watannin nan ana yi masa tambayar da babbar kalmar, yana amsa ta a ransa da babbar. Na bayyana mata haka a taƙaice. Ta ajiye alƙalaminta ta ce ya faɗi duka.

"In jin ƙara ne, tana ji. Mota ta shigo layi, kafin ni in gani ita ta ji. In jin magana ne irin na yaron kirki, a ce zauna ta zauna, a ce faɗi kofi ta faɗi kofi, tana ji, ta fi soja. Amma ni 'yata tana jina kafin ku taɓa ta. In na shigo raina a ɓace ta sani, ta tambaye ni wa ya taɓa ni, in gaya mata, ta zage shi. Yanzu in na buɗe baki toshe kai take yi."

Wani ma'aikacin asibitin ya matso ya raɗa mini, "Baba, a ɗan taƙaita." Na ce masa ni tafinta ne, ba mai tace gari ba.

"Uwata ta mutu. Gaya mata, Baba Ticha, kada ka gyara. Uwata ta mutu, yarinyar da ke kwana a jikinta ba ta sani ba har yau. An ce mata ta rasu, ta tafa. Kullum tana bakin ƙofa tana leƙa motocin mutane. Ni kuma ina da maganar a nan," ya zaro hannuwansa ya ɗaga su, fari a kowace tsaga ta fata, "a nan take, ko minti biyu ba za ta ɗauke ni ba, an ce in sa ta a aljihu!"

Baƙuwar ta tambaya ko yana da-na-sanin yin aikin, ko da zai so a cire.

"Wa ya ce a cire? Na ce a cire? Kun ba ta kunne, na gode, Allah ya saka. Amma ba a gaya mini musanye ba ne. Da an ce mini ka kawo hannunta ka karɓi kunne, da na zauna na yi tunani."

Baƙuwar ta ce, a hankali, masana kansu sun rabu a kan wannan. Akwai masu cewa a hana hannu, akwai kuma wuraren da ake barin yaro da duka biyun, kuma yaran suna koyon magana. Na fassara kamar yadda ta faɗa.

Na ɗauka zai ji sanyi. Ashe wuta na ƙara.

"Tun yaushe?"

Ya sake tambaya, da ƙarfi.

"Tun yaushe aka san akwai masu cewa haka? Wato gardama ce tsakaninku, ba ku gama ba, kuka zo kuka ba ni ita a matsayin doka?" Ya juya ga Anti. Tana tsaye jikin bango, idonta ya cika. Ta ce, "Baba, haka aka koya mana." Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Na sani, 'yata. Ni ma haka kika koya mini." Ya fita bai jira a sallame mu ba.

Muka hau motar haya zuwa gida, ni da shi da matarsa.

Yarinyar ta girma yanzu, tana makaranta. Tana magana da baki, wasu kalmomin a karkace, amma ana ganewa, kuma uwarta ba ta gajiya da nuna ta. Na'urar na nan a kanta. Shi kuwa har gobe bai huce ba. In aka yi masa zancen asibitin sai ya juya baya ya kama gyaran bel ɗin injinsa, kuma duk iyayen da suka zo neman shawararsa abu ɗaya yake ce musu: ku karɓa, amma kada ku ba da komai a madadi. Wasu na jin maganarsa, wasu na cewa ɗaci ne ya yi masa yawa.

Abin da ya faru washegarin taron ne nake so in ajiye a rubuce, domin ban da ni da matarsa babu wanda ya lura da shi sosai.

Da hantsi ne, lokacin da shagon ya fi cika, bokitai jere har bakin hanya. Sai na ji injin ya mutu. Ban taɓa jin ya mutu a wannan lokacin ba sai in wani abu ya karye, saboda haka na leƙa ta taga. Na ga ya wanke hannuwansa a randa har gwiwar hannu, ya goge, ya shiga gida ya fito da yarinyar. Ya zaunar da ita a bencin da ke bayan shagon, gefen da ke kallon tagata, ya durƙusa a gabanta don fuskokinsu su daidaita.

Ya kama kumatunsa da yatsu biyu ya ja.

Yarinyar ta zabura. Ta waiwaya tana neman uwarta, irin waiwayen yaron da ya ga ana aikata laifi. Uwar na tsaye a ƙofa da ludayi a hannu. Na ga bakinta ya buɗe. Ta tsaya haka. Sannan ta rufe shi, ta zagaya gaban shagon, na ji tana ce wa mata, "Ku yi haƙuri, yanzu babu niƙa, ku dawo da yamma."

Ba na jin maganarsu, kaɗan kawai nake tsinta. Na ga ya kwantar da tafin hannu, ya rufe ido. Na ga ya nuna hanya, ya girgiza kai. Hannuwan yarinyar da farko sun yi nauyi, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai. Sai suka saki. Ta yi tambaya, ya amsa. Ta sake yi, ya amsa. Daga baya ya gaya mini ta tambayi ko da zafi, da wa ke wurin, da ko tsohuwar ta neme ta. Bai yi mata ƙarya ko ɗaya ba.

Wata mota ta shigo layin tana juyawa. Kan yarinyar ya ɗan karkata wajen ƙarar, amma ba ta tashi ba.

Sai ta fashe da kuka, da murya, mai ƙarfi, na'urar na kanta tana jin kukan nata. Bai ce ta yi shiru ba. Ya bari ta yi mai isarta. Duk wanda ya zo gidan nan lokacin rasuwar an yi masa gaisuwa, har da ni da ba dangi ba, ita kaɗai aka tsallake. Da ta lafa, ya gyara durƙusonsa, ya kama hannuwanta biyu cikin nasa yadda ake yi wa babba, ya sunkuyar da kai, ya yi wa 'yarsa ta'aziyyar kakarta.